Motar da Baba Ya Zaɓa

Ranar da tsohuwar motata ta mutu, Baba yana iya taku shida. Ni na ƙirga da bakina, ina tsaye a ɗakin gashin ƙashi na asibiti, shi kuma yana tsakanin ƙarafa biyun nan da ake dafawa, gumi na zubo masa har cikin ido. Da ya kai na shida ya ɗago ya dube ni yana haki, ya ce in riƙe da kyau, kar gobe in zo in ce biyar ne.

Baba bakanike ne. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi a ƙarƙashin motocin mutane, kafin hawan jini ya kayar da shi a bakin garejinsa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka sallame shi na dawo da shi gidana, na ba shi ɗakin da ke kusa da ƙofa, wanda tagarsa ke kallon inda ake ajiye mota. Likitar gashi, wata mace mara son wasa da kowa ke kira Sista, ta faɗa mini magana tun ranar farko ba tare da ta tauna ta ba. Sau uku a mako za a riƙa kawo shi. In aka dage, cikin wata shida zai ajiye keken guragu ya kama sanda. In aka yi sakaci gwiwar za ta ƙage, kuma in ta ƙage, to ta ƙage ke nan.

Muna dawowa daga taku shidan nan ne motar ta yi wata irin ƙara, ta tsaya cak a tsakiyar titi. Dama abokan aikina sun daɗe da raɗa mata suna Sai-da-turi. Baba yana kujerar gaba, bai ko nemi a buɗe bonet ba. Ya ce in yi mata addu'a kawai, baiwar Allah ta gama aikinta.

Mako biyu muka yi muna fama da tasi. Direba zai rage gudu, da ya hango keken guragu sai ya taka mai ya yi gaba. Sai Yayata, da ke aure a wani gari mai nisa, ta kawo shawara a waya. Ta ce tunda garejin a rufe yake, a sayar, a sayi mota mai lafiya da za ta riƙa kai Baba gashi. Na ɗauka zai yi gardama, amma bai yi ba. Ya daɗe yana kallon hannunsa na hagu da ke kwance a cinyarsa, sannan ya ce a kawo takarda ya sa hannu. Kowa ya san dalilin sayar da garejin nan, ni kuwa na fi kowa sani.

Wurin Dogo na je, wani dillalin motoci da ya san Baba tun shi Dogon yana ƙaramin direba. Abin da ke hannuna ya kai ga ƙananan jif guda biyu da ke tsaye kusa da juna a ƙarshen layi, ɗaya fara, ɗaya baƙa.

Farar ba ta da abin kallo. Gajera ce mai faɗin baya, kujerunta na yadi, fuskarta a murtuke. Amma ƙofarta ta baya tana buɗewa har ƙarshe, kujerar kuma daidai ƙugun mutum, babu hawa babu sauka, juya baya kawai za ka yi ka zauna. But ɗinta, wurin zuba kaya na baya, a shimfiɗe yake. Dogo ya ɗauko kujerar robar da yake zama a kai ya cilla ciki ya rufe, don in gani da idona. Ya ce in dai don tsoho ake neman mota, ba sai na ƙara kallon wata ba.

Na ce masa na ji, amma idona yana kan baƙar.

Kai, baƙar nan ta haɗu. Doguwa ce mai manyan tayoyi, kujerun fata, rufinta gilashi ne da ake zugewa, bayanta ya gangaro a tsuke. Da na hau na kama sitiyari sai na ga ina kallon rufin sauran motoci daga sama. Nan take na hango kaina ina shiga harabar ofis, masu kiran Sai-da-turi suna leƙowa ta taga. Shekara tara na yi ina dariyar yaƙe a wurin ajiye motoci, na gaji. Da zan sauko kuwa sai da na ɗan yi tsalle, domin matakinta ya kusa kai mini gwiwa, ni mai ƙafa biyu lafiyayyu. Kar wani ya ce ban lura ba. Har tsayawa na yi na auna tsayin da ƙafata, na san amsar, na kawar da kai.

Washegari na koma da matata. Ta shiga baƙar ta zauna, ta shafa fatar kujera, ta ɗauki hoto ta tura wa ƙannenta tun ba a saya ba. Farar kuwa sau ɗaya ta zagaya ta, ta ce wannan ai motar raba burodi ce, in ita zan saya gara ta ci gaba da takawa da ƙafarta. A hanyar gida ta ce mini in duba mana, Baba nan da wata shida zai miƙe, mota kuwa shekara goma za ta yi a hannunmu. Wa yake sayen mota don wata shida? Maganar ta yi mini daɗi ƙwarai, domin ita nake lalube tun jiya ban samu ba.

Saura Yaya. Ita ba ta da kawaici a kan Baba, kuma za ta tambaya. In na ce ni na zaɓi baƙar, na shiga uku. Ina buƙatar wanda zai zaɓe ta wanda ba mai iya yi masa musu, kuma mutum ɗaya ne haka a duniya.

Duk wanda ya taɓa kai wa Baba mota ya san yadda yake aiki. Ba ya kallon fenti, ba ya kallon kujera. Zai ce a tayar, ya ɗauko doguwar sukudireba, ya ɗora bakinta a jikin inji, ya manna marikin a kunnensa, ya rufe ido. Abin da ya ji shi zai faɗa, ko da mai motar zai yi fushi ya tafi, ko da dillali amininsa ne. An sha yi masa tayin na goro don ya ce mota lafiyarta lau, yana korar mutum har bakin titi. A hannunsa na tashi, na san Baba ba zai yi ƙarya a kan inji ba ko da wuƙa a wuyansa. Na kuma ji duk motocin biyu a wurin Dogo, kuma ko ni ɗan bakanike da bai gaji komai ba na ji baƙar ta fi laushin murya.

Ranar Asabar da hantsi Dogo ya kawo su gida, shi a ɗaya, abokin sana'arsa a ɗaya. Aka jera su a tsakar gida. Na turo Baba a kekensa har bakin baranda. Ban buɗe ƙofar baya ko ɗaya ba, ban buɗe but ba, bonet kawai na ɗaga. Na kira Yaya na sa wayar a bayyane yadda za ta ji komai, na ce mata ga mu za a zaɓa, ina so ta zama shaida.

Sannan na durƙusa a gaban keken na ce, “Baba, kunnenka muke so. Wacce ta fi lafiyar inji?”

Fuskarsa ce abin da har yau nake kasa tunawa ba tare da na sunkuyar da kai ba. Tun da ya kwanta ba wanda ya nemi komai a wurinsa, sai dai a ce ya buɗe baki, ya ɗaga hannu, ya juya. Ranar sai ga shi ya gyara zama, ya gyara hula, ya ce a matsar da shi kusa. Ya aika matata ta ɗauko masa sukudirebarsa a ƙarƙashin matashi, ashe can yake ajiye ta. Har Dogo ya sha faɗa, wai ya taka mai a hankali, ba tsere ake yi ba.

Ya daɗe a kan farar. Ya matsar da sukudirebar nan, ya matsar can, ya sa aka kashe aka sake tayarwa. Ya ce sarƙar cikin injin ta fara ɗan saki. Ba wani abin tashin hankali ba ne, in ana canza baƙin mai a kan lokaci za ta yi shekaru, amma dai ga shi nan yana ji. Baƙar kuwa sai da aka tallafe shi ya ɗan miƙe kafin ya kai ga injin. Bai yi minti biyu ba ya buɗe ido.

Ya dubi tayar baƙar, wadda ta kusa kai tsayin hannun kekensa. Ya dubi matakin. Sannan ya dube ni, ni kuma na samu abin gyarawa a jikin wayar.

“Baƙar ta fi lafiyar inji,” in ji shi.

Yaya ta ce to alhamdulillahi, tunda Baba ya faɗa magana ta ƙare. Dogo ya buɗe baki zai ce wani abu, na zuba masa ido har ya rufe. Ya miƙa mini makulli, ya yi wa Baba sallama a gajarce, ya ja farar ya fita bai ko waiwayo ba.

Litinin da safe aka buɗe get, unguwa ta taru ganin mota. Mai shagon ƙofar gidanmu ya shigo, matan maƙwabta biyu suna tsaye da matata ana ta Allah ya sa alheri. A gabansu na turo Baba. Ya dafa ƙofa ya miƙe. In ya ɗaga ƙafar dama, ta hagu ba za ta riƙe shi ba. In ya ce ta hagun zai ɗaga, ba ta wuce idon sawu. Aka kawo kujera 'yar tsuguno, ya taka, ta goce. Ƙarshe dai ni da mai shago muka cicciɓe shi, ni ta sama shi ta ƙasa, muna nishi muna ba juna umarni kamar masu loda buhu. Garin haka wandonsa ya zame har gwiwa, ƙunzugun da ake sa masa ya fito fili. Matan suka juya baya da sauri. Mutumin da direbobin manyan motoci ke durƙusa wa su gaida, shi ne na tura cikin mota da kafaɗata, tsiraicinsa a waje. Ya ja wandon da hannu ɗaya yana kallon gaba.

Keken ma ya ƙi shiga but. Na juya shi ta kowace fuska, murfin ya ƙi rufuwa. Sai a kujerar baya na cusa shi, ƙarfensa ya ja dogon layi a jikin fatar. Na ga matata ta ga layin. A asibiti wajen saukowa Baba ya sulɓe daga hannuna ya bugi ƙugu da bakin ƙofa. Ranar taku huɗu ya yi, Sista ta ce gajiya ce. Na isa ofis a makare da ciwon baya, amma da na shiga harabar, wallahi sai da aka fito kallo, kuma na ji daɗi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Laraba Baba ya ce jikinsa ba daɗi, a bari sai Juma'a. Na ce to, Allah ya sawwaƙe. Ban taɓa goshinsa ba, ban tambayi inda ke ciwo ba, na fita da sauri kafin ya canza shawara.

Juma'a muka fita da wuri, kafin mai shago ya buɗe. Ina turo keken sai na ga matata tana shimfiɗa babbar leda a kujerar gaba, tana cusa gefenta da kyau. Ta ce ai fata in ta sha wari ba ta saki. A gaban idonsa ta faɗa, ba da mugunta ba, yadda za ka yi maganar ruwan sama. Na ji kamar in ce ta cire, amma sai na tuna layin nan na kujerar baya, na ƙyale ta. Baba ya zauna a kan ledar, duk motsin da ya yi sai ta yi ƙara, har muka je muka dawo bai motsa ba.

Daga nan zuwa gashi ya koma sau ɗaya a mako. Daga sau ɗaya ya koma sai an tuna. Kuma kullum akwai dalili, dalili mai kyau wanda za ka faɗa wa kowa ya gyaɗa kai. Bayana yana ciwo, kuma da gaske yana ciwon. Aiki ya yi yawa. Mai shago ya yi tafiya, ba mai kama mini. Baba da kansa ya ce a bari. Matata ta ce ita fa tana iya ƙoƙarinta, girki nata, wanki nata, gyaran ɗakinsa nata, ba za a ƙara mata da dako ba, kuma ba ƙarya ta yi ba. Wata rana ta ce ko a koma kiran tasi. Ni ne na ce a'a. Mutum da jif a tsakar gida, ya fita bakin titi yana tare wa ubansa tasi, me unguwa za ta ce? Na ce zan riƙa yi masa gashin a gida, har na kalli yadda ake yi a waya. Sau biyu na gwada. Da na ja ƙafar ya yi nishi, sai na ce kar in ji masa ciwo, na bari.

Yaya in ta kira sai in ce da sauƙi, ana ta fama. In ta ce a ba ta Baba, shi ma sai ya ce da sauƙi, ana ta fama. Ita kuma ta ce da tana kusa da ta taimaka, amma ga yara ga makaranta. Kowa da hujjarsa a hannu.

Mako uku da sayen motar Dogo ya kira ni. Ya tambayi jikin tsoho, sannan ya ce farar fa tana nan. In ina so in dawo da baƙar mu yi musaya, ba zai wahalar da ni ba, albarkacin Baba. Na ce zan yi tunani. Da na gaya wa matata sai ta ce to me za mu ce wa mutane, yau an gan mu a wannan gobe a waccan, ai cewa za a yi ƙwace ta aka yi. Ban sake kiran Dogo ba. Bayan wata ɗaya na ji wani mai kiwon kaji ya saye ta yana dakon ƙwai.

Akwai wata Laraba da ba na son tunawa. Na shiga gaida Baba da safe na same shi a shirye. Ya sa an ba shi rigarsa mai tsabta, ya sa hula, ya sa takalmi a ƙafar dama, na hagun yana riƙe a cinya yana jira in sa masa. Ya ce ya ji gwiwar tana ɗaurewa kwanan nan, gara a je, ko ma wa zai gani ya gani. Na san abin da faɗin haka ya ci masa. Amma ranar shugabanmu na ofis ya ce ni zan ɗauko baƙin kamfani daga filin jirgi, wai motata ta fi fita kunya. Na bayyana wa Baba, har da cewa irin wannan damar ba ta zuwa kullum. Ya ce haka ne, aiki gaba yake. Ya ce in je, Allah ya ba da sa'a. Da na dawo da la'asar yana nan a keken da hularsa, takalmin hagun yana ƙasa kusa da taya.

Bai sake shiryawa ba. Da can yakan dafa tebur ya miƙe ya tsaya, yana ƙirga wa kansa. Ya daina. Gwiwar ta lanƙwashe, ko a kwance yake ba ta miƙewa. Yatsun hannun hagu suka dunƙule har farce yana cin tafin. Ya daina fitowa baranda, abinci sai ya taɓa ya ture. Wani ɗan gyambo ya fito masa a ƙugu, wurin da yake kwanciya a kai, ni nake wankewa ina kawar da ido daga fuskarsa. Duk da haka kowace safiya in na tayar da mota yana ji ta taga. Wata rana ya aiko matata ta ce mini in riƙa barin ta ta yi ɗumi kafin in taka. Wata rana kuma ya ce lokacin canjin baƙin mai ya yi. Na duba, daidai ne. Motar ba ta taɓa ƙetare ranar zuwa gareji ba.

Wata huɗu da rabonmu da asibiti, Yaya ta kira ta ce tana tafe ranar Asabar. Juma'a na nemi izini a ofis na ce zan kai mahaifina gashi, aka yi ta sa mini albarka. Gaskiyar magana, so nake in ta tambaya in ce ai jiya ma muka je.

Na leƙa neman mai shago, ba ya nan. Na ce bari in gwada ni kaɗai. Na sa hannu ɗaya a bayan Baba, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, na tattara ƙarfi na ɗaga. Saura kaɗan in faɗi ta baya, domin ƙarfin da na tara ya fi nauyin da na samu. Ba nishi, ba ciwon baya. Na ɗora shi a kujera cikin sauƙi, ina jin ƙasusuwan haƙarƙarinsa ta cikin riga. Yanzu kam tsayin motar ya daina zama matsala. Na rufe ƙofar a hankali.

Sista ba ta amsa gaisuwata ba. Ta sa aka kwantar da shi, ta riƙe ƙafar ta fara miƙarwa a hankali. Ta kai wani wuri ta tsaya. Ta sake gwadawa, Baba ya cije leɓe, ƙafar ba ta ƙara ko ɗan yatsa ba. Ta duba hannun, ta duba gyambon, ta rufe shi da zane. Ta ce a ci gaba da kawo shi don kar ciwo ya ƙaru, kar ɗaya ɓarin ma ya bi sahu. Na tambaye ta maganar sanda. Ta ce in manta da sanda.

Sai ta sunkuya kusa da shi ta ce, “Baba, kai da ka fi kowa ƙoƙari a ɗakin nan, me ya hana ka zuwa?”

Na jira ya faɗa. Wallahi so nake ya faɗa, ta zage ni a gaban mutane ko na ji sanyi.

“Laifina ne, 'yata,” in ji shi. “Mota na zaɓa mai tudu, na kasa hawa.”

Ta ɗago ta dube ni, kallo ɗaya, ta ci gaba da rubutunta.

A wurin ajiye motoci na ɗora shi a kujera, na zagaya na zauna. Rana ta take, motar ta ɗauki zafi, amma na kasa murɗa makulli. Na ce masa ya yafe mini.

Ya ce, “Wanne daga ciki?”

Sai ya ci gaba da magana a hankali yana kallon gilashin gaba. Ya ce shekara arba'in mutane suna kawo masa mota ya saurara alhali sun riga sun saya a zuci, yana gane su tun daga tsayuwarsu. Ni ma haka na tsaya ranar, kafaɗata a jingine da baƙar. Ya ce ya ga ban buɗe ƙofar baya ba, ya ga na kira yayata. Da na zo masa kai tsaye na ce Baba baƙar nake so, da ya ce in saya, shi ya haife ni, ya san tun ina yaro ba na son a yi mini dariya.

Na ce, “To Baba, me ya sa ba ka ce farar ba? Da ka faɗa ba mai musa maka.”

“Inji ka tambaye ni,” in ji shi. “Ƙafa ta tafi, hannu ya tafi, gareji ya tafi. Kunnen nan kaɗai ya rage mini. In na yi ƙarya da shi, me zan ce ni ne?”

Sannan ya ƙara da cewa, “Ka san da ka durƙusa ranar, murna na yi. Na ɗauka aiki ka kawo mini.”

Ban taɓa ɗaga wa mahaifina murya ba. Ban bar shi da yunwa ba, ban kai shi gidan wani na ajiye ba. A unguwarmu in ana faɗa wa yara yadda ake riƙe iyaye, gidana ake nunawa. Irinmu muna da yawa, masu cutar da na cikin gida da ladabi, a durƙushe, da murya ƙasa-ƙasa, mu samo dalilin da kowa zai yarda da shi, har wanda aka cuta ya taya mu faɗa. Ni na duba duk abin da ciwo ya bar wa Baba, na ga abu ɗaya ne mai kyau ya saura, na ɗauke shi na rufe masa hanyar tafiya da shi. Na yi haka ne don a daina yi mini dariya a wurin ajiye motoci.

Na kifa kaina a kan sitiyari ina kuka, ƙato da ni, mutane na wucewa suna leƙe. Can na ji hannunsa na dama a ƙeyata. Ya ce in share fuskata in ja mu tafi gida, kujerar ta yi masa zafi kuma ba ya iya gyara zama da kansa.